Abin da Ke Ƙarƙashin Dakali

"Mama, in jirgin ya bi ta cikin ƙasa, ba zai taka Baba ba?"

Kuyet ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara shida. Da a ɗaki ta yi mini ita, daga ni sai ita, da na san yadda zan lallaɓa ta. Amma a gaban baƙuwa ta yi. Muna tsaye a bayan gidanmu na Kamazou, ni da wata budurwa mai rigar aiki ruwan lemo, riƙe da biro da fom. Ta ce sunanta Jessica, kuma kamfanin da aka ba awon hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya turo ta. Jirgin nan ne da aka yi wata da watanni ana zancensa a rediyo, wai zai taso daga arewacin gari, ya nutse ta ƙarƙashin kogi, ya ɓullo ta wajenmu.

Jessica ta ɗaga kai daga takardar. "Madam, ina babanta yake?"

"Ya rasu," na ce. "Shekara biyar ke nan. Kin san yara da surutu. An ce mata matattu suna cikin ƙasa, shi ke nan ta ɗauka ko'ina ne."

Ina magana ina matse kafaɗar Kuyet, har na ji ƙashinta a tafina.

"Ayya, Allah ya ƙara haƙuri. Akwai tambaya uku da dole in yi wa kowane gida. Akwai rijiya?"

"Babu."

"Sokawe fa, ramin ruwan banɗaki?"

"Yana can ta gaban gida."

"Kabari?"

"Babu."

Ba ta rubuta nan da nan ba. Ta dubi dakalin siminti da ke jikin bangonmu na baya, ta dubi Kuyet, sannan ta dube ni. "Madam, ki ɗan yi tunani. Ba don wani abu muke tambaya ba."

"Na ce miki babu."

Ta ja layi a gurbin, ta miƙo mini biro. Na sa hannu: Zigwai Didam. A ƙasan takardar akwai wani rubutu da ƙananan haruffa da ke cewa na yarda ma'aikata su shigo fili su yi gwajin ƙasa in buƙata ta taso. Na gan shi, amma hankalina duk yana kan ta tafi.

Ƙarya na yi. Mijina Didam yana kwance a ƙarƙashin dakalin nan, taku huɗu daga inda Jessica ta tsaya.

Kanikancin keke napep yake yi a Kakuri. Ciwon ciki na kwana huɗu ya ɗauke shi a watan Afrilun 2020, ana tsakiyar dokar kulle ta korona, Kuyet tana goye a bayana. Mutanenmu ba sa barin gawa a baƙon wuri. Ko a Legas mutum ya mutu sai an kai shi gida, an kwantar da shi kusa da ɗakin ubansa. Amma a lokacin ba mota ko ɗaya da za ta kai mu ƙauyensu na wajen Zonkwa, ko'ina shinge ne. Ga kuma raɗe-raɗin cewa duk wanda ya mutu a kwanakin, masu fararen kaya ne za su zo su ɗauke shi, su binne shi inda danginsa ba za su sani ba. Wansa Yakubu, ma'aikacin gwamnati ne a Barnawa, shi ya yanke magana. Ya ce filin nan da guminsa Didam ya saya, don haka nan ma gida ne.

Da sassafe muka binne shi, mu biyar har da Fasto. Ni tela ce, yunifom na 'yan makaranta nake ɗinkawa, kuma na riga na ɗinka masa wata shuɗiyar riga mai fararen maɓallai don bikin Ista. Bai samu ya sa ta da rai ba, sai na sa masa ita ya tafi da ita.

Bayan an rufe rami Yakubu ya tara mu. Ya ce binne mutum a cikin gida a gari ba tare da izini ba laifi ne, in hukuma ta ji za a zo a tone shi. Ban san ko haka dokar take ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Shi ne mai aikin ofis a gidan, abin da ya faɗa shi muka ɗauka. Maƙwabcinmu Baba Monday birkila ne, shi ya zuba kankare a wurin, ya shafe shi sumul. Ba gicciye, ba suna. Duk wanda ya gani sai ya ce dakalin shan iska ne.

Na ɓoye wa duniya, amma ban iya ɓoye wa Kuyet ba. Tun tana koyon magana nake zaunar da ita a wurin in ce, "Nan Baba yake barci." Ba ma zubar da ruwan wanki ta wajen. Kullum in za ta makaranta sai ta zagaya ta dafa simintin ta ce, "Baba, na tafi."

Ranar da Jessica ta zo, da yamma bayan mun ci fate, na zaunar da Kuyet a kan kujerar keken ɗinkina.

"In wani ya tambaye ki me ke ƙarƙashin dakali, me za ki ce?"

"Baba."

Na buge mata baki. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba sai ranar. Ba ta ma yi kuka nan take ba, kallona kawai take yi.

"Za ki ce babu komai. Faɗi in ji."

"Babu komai."

"Sake."

"Babu komai. Amma Mama, Anti ta Sande Sukul a coci ta ce ƙarya zunubi ce."

"Wannan ba ƙarya ba ce, tsare Baba ne. In kika faɗa, mutanen nan za su zo su ɗauke shi, ba za mu ƙara sanin inda yake ba. Kina so a ɗauke shi?"

Ta girgiza kai da ƙarfi, sai a lokacin hawayen suka zubo. Na rungume ta, ina jin na yi abin da ya kamata uwa ta yi.

Unguwa kuwa ta ɗauki zafi. Ba a haƙa ko rami ɗaya ba, amma jirgin ya riga ya shigo. Masu gidajen haya suka fara ba mutane notis, wai tasha za ta zo mahaɗar titi, gidaje za su yi daraja. Wasu mutane masu manyan motoci suka riƙa yawo layi-layi suna tambayar fili. Matan da ke gasa masara a bakin titi aka ce su tashi. A layin bohol ba a wata hira sai ta jirgi.

"Ni dai ya zo," in ji Maman Favour, 'yar Binuwai da ke haya a gidan da ke kallon namu. Shekara biyu ke nan da zuwanta layin, ba ta san komai game da dakalin ba. "Kullum sai na je Kasuwar Barci ɗibar gwanjo. Minti goma na isa."

"Ke?" wata ta ce. "Ke da ba kya ƙetare gada sai kin yi azumi da addu'a?"

"Ai ta ƙarƙashi za mu bi, wa zai gan ni?"

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce wani abu na damuna.

Ina dawowa da jarkata na tarar da Baba Monday yana jirana a bakin ƙofa. Ya rage murya.

"Maman Kuyet, me kika gaya wa yarinyar nan mai fom?"

"Abin da Baba Yakubu na Barnawa ya ce mu riƙa faɗa."

Ya cire hularsa ya sosa kai. "Ni na nuna mata kabarin matata. Ai da gicciyensa, ina zan ɓoye shi? Ta rubuta, ta yi mini ta'aziyya. Ta ce da ramin gwajinsu a filina ya faɗa, amma injinsu ba ya kusantar kabari, za su matsa."

"Su matsa ina?"

Bangon gidana ya kalla.

Bayan kwana biyu na je kai ɗinki wata makaranta a Sabon Tasha. Ina dawowa na zagaya baya don kwashe shanya, sai na ga an zana jan layi biyu a gicciye a tsakiyar dakalin, da lamba 47 a gefe. Maman Favour ta ce wasu samari biyu ne suka zo da na'urar awo. Sun so su sa alamar a ƙasa, ɗayan ya ce ruwan sama zai wanke, gara a kan siminti tunda yana kusa. Suka kuma liƙa takarda a ƙofa, wai aiki zai iso layinmu a farkon wata mai zuwa.

Shekara biyar na hana Didam gicciye, ga shi baƙi sun zo sun sa masa nasu da jan fenti. Na kawo kananzir da soson ƙarfe, na goga har yatsuna suka fashe. Siminti ya riga ya sha fentin.

Ranar Lahadi bayan coci na hau keke zuwa Barnawa. Yakubu yana cin abinci, ya saurare ni har na gama bai ajiye cokali ba.

"Maman Kuyet, aikin gwamnati ne fa. Shekara ashirin da uku ina cikinta. Kin san takardu nawa na gani na abin da za a yi? Fenti kawai za su shafa su tafi. Jirgi a ƙarƙashin kogi! Mu da ruwan famfo ya gagare mu?"

"Baba, sun sa rana."

"Rana ai kullum ana sa ta. To yanzu me kike so? Ki je ki ce musu kin yi ƙarya a takardar hukuma, da sa hannunki a jiki? Su kama ki, su tone shi, su zo su tambayi wanda ya ba da shawara? Saura mini shekara kaɗan in yi ritaya. Ki kama bakinki, iska ce za ta wuce."

Na kama bakina mako biyu. Kullum sai na leƙa baya na ga lambar nan. Daga ƙarshe na zauna na auna abin kamar yadda nake auna yadi. In na yi shiru kuma suka zo, sun huda shi. In na faɗa, mafi muni su ce a tone shi, to aƙalla mu za mu ɗauke shi da hannunmu, da Fasto, da waƙa. Ban sake neman Yakubu ba. Ranar Talata, saura kwana tara wata ya ƙare, na bar Kuyet wurin Maman Favour saboda ana hutun makaranta, na ɗauki adireshin da ke jikin takardar na ƙetare gada.

Ofishin yana saman wani bene a cikin gari. A bango akwai taswirar Kaduna, an ja mata jan layi daga sama har ƙasa kamar inda za a sa almakashi. Mutane sun cika benci, wasu da hula da carbi, wasu da Littafi Mai Tsarki a jaka, kowa da takardarsa a hannu. Wani tsoho daga Tudun Wada ya matsa mini na zauna. Ya ce shi shagon gyaran agogonsa ne alamar ta hau. Na fi awa biyu kafin na hango Jessica ta fito da fayil.

Ta gane ni. "Madam mai yarinya mai tambaya."

Na ja ta gefe, na gaya mata a hankali, kaina a ƙasa. Ina jira ta kira ɗan sanda.

"Haba Madam," ta ce. "Haba. Sau biyu na tambaye ki. Mu ba 'yan sanda ba ne. Gida nawa a unguwarku suka nuna mana kabari? Ba wanda aka taɓa. Muna tambaya ne don mu kauce. Kawo in gyara, abu ne na minti biyar. Lamba nawa aka sa miki?"

"Arba'in da bakwai."

Ta buɗe fayil tana bin jerin da yatsa. Yatsan ya tsaya. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Maman Favour ce, kuma a bayan muryarta ina jin wani ruri kamar na injin niƙa.

"Maman Kuyet, ashe yau za su zo ba ki faɗa ba? Tun ɗazu suke ta aiki a bayan gidanki. Sun ce sun gama wancan layin da wuri. Ƙura duk ta ɓata miki shanya, in kwashe?"

"Ki ce su tsaya!" Ban san na miƙe ba. "Ki ce su tsaya, mijina ne a wurin! Kabarin mijina ne!"

Kowa a ofishin ya juyo yana kallona. Maganar da na shekara biyar ina haɗiyewa, ga ta na faɗe ta da ihu a gaban mutum talatin, kuma ba wanda ya kama ni. Tsohon nan mai agogo ne kawai ya ce, "Innalillahi. Yi sauri, 'yata."

Jessica tana ta kiran shugaban ma'aikatan, ba ya ɗauka. Na sauka a guje. A kan gada motoci sun cushe, wata tirela ta lalace. Ina zaune a cikin bas ina kallon ruwan kogin yana tafiyarsa. Daga mahaɗar Kamazou ban jira keke ba, na cire takalmi na ruga.

Tun daga nesa na lura ba na jin rurin injin. Na ce a raina, Yesu na gode, sun tsaya.

Mutanen layi sun taru a bayan gidana. Motar injin tana tsaye, ƙarfenta a sama yana ɗigar da jan ruwa. A tsakiyar dakalin, daidai inda layukan fentin suka haɗu, akwai rami zagayayye, faɗinsa bai fi bakin kwanon sha ba. A gefe an ajiye wani dogon akwatin katako inda suke jera ƙasar da suka ciro bi da bi. Na bi shi da ido. Siminti. Jar ƙasa. Tsakuwa. Ɓaraguzan katako. Sai wani ƙyalle da ya rine da laka, amma gefensa shuɗi ne, da farin maɓalli ɗaya. Na san ɗinkin. Ni nake ninka bakin riga sau biyu haka.

Wani dattijo mai furfura a gemu ya matso, hular kwanonsa a hannu. Ya ce shi ne Malam Tanimu, shugaban ma'aikatan.

"Maman yarinya, ki yafe mini. Ina ganin ƙyallen nan na kashe inji, kafin ma maƙwabciyarki ta zo da saƙonki. Wallahi shekara ashirin ina huda ƙasa, ban taɓa huda kabari ba. Tun da na iso jikina bai ba ni ba. Siminti mai tsawon mutum, mai faɗin mutum, a bayan gida. Na duba takarda, ta ce babu. Na tambayi matar nan, ta ce wurin zama ne. Har na sa an ɗora ƙarfe, sai na ga yarinyar nan a tsaye ta ƙura wa wurin ido. Na ce a dakata. Na durƙusa na ce, 'yan mata, akwai wani abu a ƙarƙashin nan? Ta ce babu komai. Na ce ki gaya wa Baba gaskiya, ba abin da zan yi miki. Ta ce babu komai, babu komai. Na ce to, yaro ba ya ƙarya. Na ce a tayar."

Sai a lokacin na nemi Kuyet. Tana jikin bango a tsugune, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ko da yake injin ya daɗe da mutuwa. Na durƙusa na cire mata hannuwan.

"Mama, na faɗa daidai," ta ce. "Ban gaya musu ba. Sau biyu ya tambaye ni, ban gaya musu ba. To me ya sa suka taka shi?"

Na jawo ta jikina.

Ba mu tone shi ba. Fasto ya zo da yamma, Baba Monday ya dawo daga aiki ya kwaɓa siminti. Malam Tanimu da yaransa ba su tafi ba, su suka mayar da duk abin da suka ciro cikin ramin a hankali, da hannu, yadda ya fito. Ƙyallen ni na mayar. Baba Monday ya toshe bakin, ya ɗauki ƙusa ya rubuta DIDAM a ɗanyen simintin, da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Kamfanin ya aiko da wasiƙar ban haƙuri, aka soke lamba 47. Ba hukumar da ta zo ta tambaye ni izinin binnewa. Yakubu ya kira sau ɗaya, ya ce ai da ya san za su zo da gaske, da bai ce in yi shiru ba. Na ce masa ina ɗinki, na kashe wayar.

Wata bakwai ke nan. Injin ya bar unguwa, rediyo ta koma wani zancen. Wasu na cewa bayan damina za a dawo, wasu na cewa maganar ta mutu. Waɗanda aka kora daga haya ba su dawo ba. Jan fentin yana nan a bangaye, yana kwailewa a hankali.

Facin simintin ya fi sauran dakalin fari, daga ƙofar kicin ake ganinsa. Kuyet ba ta ƙara zagayawa baya ba. In za ta makaranta ta gaba take fita, ba ta yi wa kowa sallama. Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru in samu in zura zare a allura, yanzu ba ta tambayar komai. Malamarsu ta ce ko an tambaye ta abin da ta sani a aji, sai ta fara duban fuskar mutum tukun, kamar tana neman amsar da ake so ta bayar. Kullum ina gaya mata ba laifinta ba ne, nawa ne. Takan ce to.

Jirgin nan ko ya zo ko bai zo ba, masu awo za su zo. In ba jirgi ba, titi ne, in ba titi ba, bututu ne. Na san gidaje da yawa a wannan ɓangaren kogi da ke da irin dakalina tun shekarar kulle, wasu ma tun kafin nan. Kai mai karatu, ke mai karatu, ranar da aka tsaya a ƙofarku da fom ana tambayar abin da ke cikin filinku, ku faɗi sunan wanda ke kwance a wurin, da ƙarfi, a rubuta shi a gabanku kafin ku sa hannu. In kuma yaronku ya riga ku buɗe baki, kada ku kuskura ku rufe masa shi.